Dodon Koɗi a Cikin Akwatin Gilashi



Zancenmu na kimiyya na yau ya taso ne daga wata wasiƙa da ta zo mana daga birnin Madina. Mai wasiƙar Bahaushe ne, cikin 'yan'uwanmu da suka tafi ƙasa mai tsarki suka zauna can suka yi iyali. Ya ce ya saya wa 'ya'yansa akwatin gilashi, irin wanda a ke kiwon ƙananan kifaye masu launi a cikin ɗaki, tare da 'yan tsire-tsiren ruwa. Bayan kamar mako 3 sai ga waɗansu ƙananan dodannin koɗi suna rarrafe a jikin gilashin, alhali kuwa shi bai saka su ba. Yara suna ta murna. Amma mahaifiyarsa, wadda ta yi ƙuruciyarta a ƙasar Kano, ta ce lalle a zubar da su, gama ta san abin da ke kawo tsargiya. Yana tambaya: shin wa ke da gaskiya, in kuwa za a bar su, ta yaya a ke kula da su?

To, Malam, Hajiya ba ta yi kuskure ba, yara kuma ba su yi ba. Abin da zai raba gardamar tambaya 2 ce: daga ina dodon ya fito, ina kuma ruwansa za shi in an zubar? Amma bari mu fara da yadda suka shigo maka gida ba sallama.

Yawancin dodannin koɗi na ruwan daɗi suna yin ƙwai ne a dunƙule cikin wani abu mai yauƙi, garau kamar ruwa, su manna shi a bayan ganye. Ido ba ya lura da shi. Ka sayi tsiro a kanti, ka sayo ƙwai tare da shi ba ka sani ba, bayan mako ɗaya ko 2 su ƙyanƙyashe. Ba kuwa sai an samu biyu ba. Da yawa daga cikinsu mata-maza ne, watau ko wane ɗaya yana da halittar namiji da ta mace, har ma in ya rasa aboki yana iya haihuwa shi kaɗai.

Kada kuma a ɗauka baƙi ne marasa amfani. Tun ran da aka fara wannan sana'a da su aka fara. A shekarar 1850 wani masanin haɗa magunguna a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa kifaye 2 da tsiron ruwa a cikin wani babban gilashi, yana so ya ga ko za su rayu ba tare da an sake musu ruwa ba, tun da tsiro yana fitar da iskar da kifi ke bukata, kifi kuma yana fitar da wadda tsiro ke bukata. Da farko abin ya yi kyau. Sa'an nan tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe gilashin. Sai ya kawo 'yan dodannin koɗi ya saka. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ruwa ya koma garau. Bayan shekara 3, watau a 1853, aka buɗe gidan kifi na farko domin 'yan kallo a gidan namun daji na Landan.

Yadda dodon koɗi ke yin wannan shara abin kallo ne, gilashi kuwa shi ne kaɗai wurin da za ka gan shi sosai. In yana tafiya a jikin gilashin, matso da idonka ka dubi bakinsa daga waje. Za ka ga yana buɗewa yana rufewa, wani abu yana fitowa yana komawa. Harshensa ke nan, kamar magagari ya ke, da ƙananan haƙora dubbai jere a kansa, da su ya ke kankare gansakuka. Na gaba suna cinyewa, sababbi suna tsirowa daga baya. Ni a ganina yaron da ya zauna ya kalli wannan na minti 10 ya karanta babi guda na ilmin halittu ba tare da ya buɗe littafi ba.

Yanzu ga kulawa. Abu na fari shi ne ruwa, a nan kuwa mutumin Madina yana da matsala tasa ta daban. Katantanwar da dodo ke ɗauke da ita a bayansa, da sinadarin farar ƙasa ya ke gina ta, wanda masana ke kira kalsiyam, daga ruwa da abinci kuma ya ke samunsa. A zamanin da mutanen Madina suna sha ne daga rijiyoyi da kuma Ainuz Zarƙa'u, magudanar da aka jawo daga wajen Ƙuba tun zamanin Mu'awiya. Yau yawancin ruwan famfon birnin daga Yanbu ya ke zuwa, a bakin Bahar Maliya, inda a ke cire wa ruwan teku gishiri a turo shi ta bututu. Injin da ke cire gishiri yana cire farar ƙasa tare da shi. A kan mai da kaɗan kafin a tura wa jama'a, amma gidaje da yawa suna da nasu matacin da ke sake tsotse ta. Irin wannan ruwa yana da daɗin sha, amma ga dodon koɗi yunwa ce. Alamarta a bayyane ta ke: katantanwa ta yi fari, ta yi ramuka kamar abin da gara ta ci, tsininta ya gutsure. Maganin ba shi da tsada. A tafasa ɓawon ƙwai, a cire fatar nan ta ciki, a daka shi a zuba kaɗan cikin yashin gindin akwatin, ko kuwa a sa ɗan guntun dutsen farar ƙasa. Abin da ya riga ya ɓaci ba ya gyaruwa, amma sabon ginin da ke bakin katantanwa zai fito da kauri.

Har wa yau ruwan famfo yana da kulorin, maganin da a ke sa wa domin kashe ƙwayoyin cuta. A tara ruwan a bokiti a buɗe ya kwana 2, ko a ɗiga masa maganin da masu sayar da kifi ke sayarwa domin wannan. Kada a sake ruwan akwatin duka gaba ɗaya. Kashi ɗaya cikin 4 ko wane mako ya isa.

Sai jan ƙarfe. Wannan dafi ne ga dodon koɗi ko da ɗan kaɗan ne, har ma a da gishirinsa a ke zubawa cikin magudanan ban ruwa na Masar da na Jazira a Sudan domin a kashe su. Magungunan kifi da yawa suna da shi a ciki, saboda haka a karanta takardar kwalba kafin a ɗiga.

Sai zafi. Irin dodannin da a ke kiwo sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28 a ma'aunin Salshiyas, alhali a Madina da rani zafi ya kan haura 40. Akwatin da aka ajiye kusa da taga, ko ruwan da aka ɗebo da azahar daga tankin soro, na iya hallaka su cikin yini ɗaya. Ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska da yawa. In ka ga dodanni duka sun hau sama sun taru a bakin ruwa da rana tsaka, suna gaya maka ruwan ya ɓaci, tun kafin kifi ya nuna alama.

Zancen abinci gajere ne. Gansakuka da ragowar abincin kifi sun ishe su. In ana so a ƙara, ɗan ganyen latas ko yankan kokwamba da aka tsoma a ruwan zafi, a cire saura da safe. Masu kukan dodon koɗi ya cika musu akwati, kusan kullum hannunsu ne ya yi yawa wajen zuba abinci. Rage abinci, haihuwa ta ragu. Wanda ya mutu kuma a cire shi nan da nan, hanci zai gaya maka.

To, mu komo ga maganar Hajiya, gama ita ce mai nauyi.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san tsargiya. Yaro ya yi ta wanka a kududdufi da damina, bayan 'yan watanni a ga jini a ƙarshen fitsarinsa, har a waɗansu ƙauyuka a ce alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a cikin jijiyoyin jinin mutum a asibitin Kasrul Aini na Alƙahira a 1851, shi ya sa Turawa da Larabawa ke kiran cutar da sunansa. Amma an yi fiye da shekara 60 ba a san ta cikin wace halitta ta ke bi kafin ta shiga mutum ba. Sai a 1913 likitoci 2 a Japan, Miyairi da Suzuki, suka gano cewa irin tsutsar ƙasarsu tana bi ta cikin dodon koɗi, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar da haka ga irin 2 da ke Masar, waɗanda su ne namu na Afirka.

Ga yadda abin ke zagayawa, ina roƙon a saurara da kyau, domin amsar wasiƙar duka tana nan. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi. Ƙwan tsutsar ya fashe a ruwan daɗi, wata 'yar halitta mai iyo ta fito, ba ta da rai sai na awoyi kaɗan. In ba ta sami dodon koɗi irin wanda ya dace da ita ba, ta mutu. In ta samu, sai ta huda jikinsa ta shiga ta yi ta ninkuwa. Bayan mako 4 zuwa 6 dodon ya fara fitar da 'ya'yanta, ɗaruruwa a ko wace rana, masu wutsiya mai baki 2, sun fi fitowa kuwa da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke iyo. Su ne ke huda fatar mutum cikin 'yan mintoci, ba ciwo ba jini, sai ɗan ƙaiƙayi. Su girma a cikin jijiyoyin mafitsara ko na hanji, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ke bukatar maganin wannan cuta, kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka.

Kun lura da abu ɗaya? Dodon koɗi ba a haifarsa da tsutsar. Daga mutum ya ke ɗaukarta, ba ya kuwa ba da ita ga ƙwansa. Saboda haka dodon da ya ƙyanƙyashe a cikin akwatin gilashi, a ruwan famfo, bai taɓa haɗuwa da ƙazantar mai cuta ba, ba shi da tsargiyar da zai ba kowa, ko da irin masu ɗaukarta ne. Dodannin ɗakinka, Malam, tun da daga ƙwai suka fito a gabanka, yara na iya kallonsu hankali kwance.

Hatsarin yana wajen wanda aka kamo daga daji. Kada kuma a ce ai Saudiyya hamada ce. Binciken da aka yi a shekarun 1970 ya sami tsargiya a sassa da dama na ƙasar, daga Jizan da Asir a kudu har lardin Madina, musamman wajen Haibar, garin dabino da maɓuɓɓugai da ke kamar kilomita 150 arewa da birnin. Hukuma ta buɗe cibiyoyin yaƙi da cutar, ta yi ta ba da magani da kashe dodanni da jawo ruwan famfo, har cutar ta ragu ƙwarai da gaske. Amma dodannin ba su ƙare daga kwazazzabai da idanun ruwa ba. Abin da ya faru a tsibirin Kosika na Faransa ishara ce: a 2013 masu wanka a kogin Kabu suka kamu da tsargiya, bincike kuma ya nuna asalin tsutsar daga Senegal ne. Dodon yana nan tun da daɗewa, mai cuta ɗaya kawai ya ke jira. Mai sauraro a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, nasa hatsarin ya fi wannan nesa ba kusa ba, gama kududdufai da magudanan ban ruwa irin na Kadawa, waɗanda madatsar Tiga ke ciyarwa tun bayan gama ta a 1974, gidan waɗannan dodanni ne. Har kududdufin da ya ƙafe da rani bai tsira ba, domin suna shigewa cikin laka su yi kwance sai ruwan fari ya sauka.

Masu ɗaukar tsargiya a ƙasashenmu da ƙasar Larabawa dangi 2 ne. Na fari masana suna kiransa Bulinus, shi ke ɗaukar ta mafitsara. Ƙarami ne, bai cika wuce ƙwayar wake ba. In ka riƙe katantanwarsa tsini sama, baki yana fuskantarka, za ka ga bakin a hannun hagu, alhali yawancin dodanni nasu a dama ya ke. Na biyu Biomphalaria, mai ɗaukar ta hanji, katantanwarsa a naɗe ta ke shimfiɗe kamar gammo. Dukansu da huhu su ke numfashi, shi ya sa su kan hau sama su shaƙi iska, jininsu kuma ja ne kamar namu. Amma ban faɗi wannan domin mutum ya dogara ga idonsa ba. Akwai wani mai suna Physa, wanda ya fi kowa shiga akwatunan kifi a ɓoye, shi ma bakinsa a hagu ya ke, ba ya kuwa ɗaukar tsargiya. Akwai kuma masu kamar gammo da a ke sayarwa a kanti waɗanda ba ruwansu da ita. Masana kansu sai sun sa madubin likita su ke rarrabewa. A ɗakin bincike a kan sa dodon daji cikin ɗan kofi ƙarƙashin fitila na awa ɗaya ko 2 a ga ko zai fitar da tsutsa, amma wanda bai fitar yau ba yana iya fitarwa bayan mako 3. Shawarata ɗaya ce: kada a kamo dodon koɗi daga rafi ko kududdufi ko idon ruwa domin a kawo wa yara, kada kuma a ɗebo kainuwa ko ganyen bado daga can a sa a akwati. Wanda ya riga ya shiga irin wannan ruwa, ya ga jini a fitsari ko a bayan gida, ya tafi asibiti. Akwai ƙwayar magani mai suna firazikwantel, wadda aka samo a Jamus a shekarun 1970, a yini ɗaya a ke shanta.

In kuwa mutumin Madina yana son dodon da ya dace da ƙasarsa, ga wani mai dogon tsini kamar ƙaho, Melanoides, wanda masu kanti ke jingina wa Malesiya, alhali kuwa ɗan gida ne a maɓuɓɓugan ƙasar Larabawa da Afirka. Yana da murfi da ya ke rufe bakin katantanwarsa, yana shaƙar iskar cikin ruwa kamar kifi, yana jure ɗumi da ɗan gishiri. Da rana ya kan nutse cikin yashi yana kaftu kamar manomi, da dare ya fito. Kusan dukansu mata ne, suna haihuwar 'ya'ya da katantanwarsu ba tare da namiji ba. Tsargiya ba ta iya zama a jikinsa, har ma a tsibirin Martinik an ga yadda ya mamaye wuraren Biomphalaria ya rage su ƙwarai. Duk da haka na daji ya kan ɗauki waɗansu tsutsotsi na kifi da na tsuntsaye, saboda haka shi ma na kanti a ke saya.

Saura tambaya ta biyu, watau ina ruwan za shi. Nan ne mai kiwo ke iya cutar da gari guda ba da nufi ba. A farkon shekarun 1970 aka ga wani Biomphalaria na Amurka ta Kudu a wani rafi a Hong Kong, masana kuma suna ganin cikin tsire-tsiren akwatin kifi ya zo. Daga nan ya bazu cikin kudancin Sin. Akwai kuma wani babban dodo mai kyaun gani, Pomacea, mai zuba ƙwai launin hoda a saman ruwa. An kai shi Taiwan wajen 1980 domin a ci, ya kuɓuce, ya zama annobar shinkafa a Filifin da sauran ƙasashen yankin, yana cinye dashe tun yana ɗanye. Da ya bayyana a gonakin shinkafa na bakin kogin Ebro a Sifen, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012. Manomin shinkafa na Kura ko na Bakolori ya auna abin da kwano ɗaya na irin wannan zai yi in an juye shi a magudana.

Saboda haka ruwan da aka rage daga akwati a zuba shi a busasshiyar ƙasa inda rana za ta buge shi, nesa da lambatu da gonar dabino da duk inda ruwa ke gudu. Tsiron da aka gaji da shi a shanya shi ya bushe ƙayau kafin a jefar. Dodannin da suka yi yawa kuma, a sa ganyen latas da dare, da asuba a ɗaga shi cike da su, a ba wani mai kiwo ko a mayar wa mai kanti. Yara kuwa, duk wanda ya tsoma hannu a akwatin ya wanke da sabulu kafin ya ci abinci, gama ko ba tsargiya ruwan kifi ba ya rasa ƙwayoyin ciwon ciki.

Malam, a gai da Hajiya, a kuma karanta mata wannan. Jama'a, sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.